Mutumin da Ya Koya wa Ɗana Faɗuwa

Ina gaida masu kula da wannan shafi, da duk wanda zai ba ni aron idonsa ya karanta. Ba zan faɗi sunana ko na kowa ba, don waɗanda abin ya shafa suna raye. Ni tsohon ɗan kokawa ne daga wani ƙauye na ƙasar Kurfey, wanda in ka fito da sassafe a ƙafa kana Filingue kafin rana ta yi zafi. Lokacin da nake ganiyata, da an gama girbi an share fage, daga Bonkoukou har Baleyara babu makaɗin da bai san kirarina ba. Ina da ƙirji, ina da wuya, ina kuma da baki, wanda ya fi su duka girma. In na shiga fage da layuna da guruna, nakan zagaya sau biyu ina nuna wa mutane inda zan ajiye abokin karawata tun kafin mu kama juna. Abin takaicin shi ne sau da yawa a wurin nake ajiye shi, don haka ba wanda ya iya gaya mini gaskiya.

Wata shekara aka tara mu a Filingue don a tace waɗanda za su wakilci yankinmu a babbar kokawa ta ƙasa, wadda kowane ɗan kokawa yake mafarkin takobinta, wanda ake ba duk wanda ya zo na ɗaya. Na kayar da mutum huɗu, saura ɗaya. Wanda ya rage wani ɗan cikin gari ne, bai kai ni jiki ba, ba shi da kirari, yana shiga fage kamar wanda aka aika sayen goro. Shekara biyar ya ba ni, don haka a wannan labari zan riƙa ce masa Dattijo. Mun daɗe muna kai da komo, na ga ya ja da baya, na afka masa da dukan ƙarfina, sai kawai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Ya juya ni ta baya, irin kayen da yake karya wuyan mutum, amma na tashi garau, ko ciwon kai ban yi ba, na ce layuna ne suka yi aiki. Shi kuwa ya fita fage riƙe da hannunsa na hagu, aka naɗe masa ƙaramin yatsa da tsumma, kuma saboda yatsan nan bai yi nisa a babbar kokawar ba. Na ji daɗin haka ƙwarai. Daga ranar ban sake amsa sallamarsa da sakin fuska ba, har shekara goma sha biyar.

Bayan shekara biyu gwiwata ta tashi aiki, na ajiye walki, na koma noman hatsi da damina, da rani kuma ina saye da sayar da bisashe a kasuwa. Allah ya ba ni 'ya'ya mata uku, sannan namiji. Ranar suna mutane suna addu'ar Allah ya raya shi, ni kuwa ina auna ɗan damtsensa da yatsuna. Na ƙudurta a raina cewa takobin da ya kuɓuce mini wannan yaro zai kawo shi gidana, kuma ta gaban ƙofar Dattijo za a wuce da shi. Abin da ke zuciyata ke nan, ba zan ƙawata shi ba.

Yana cika shekara shida na fara. Na ɗinka masa ɗan buhu na cika da yashi, in ɗora masa a wuya ya hau tudun bayan gari ya sauko, kowane mako ina ƙara yashi. Ina sa shi tsallen kwaɗo da tsakar rana har ƙafafunsa su riƙa rawa. In an je rijiya, jarka ta manya nake ba shi ya ɗauko. Na hana shi shan ruwa sai an gama, domin ni ma haka aka yi mini, an ce ruwa yana sa jiki laushi. Mafi muni, yanzu da nake tunani, na hana shi wasa. In na gan shi cikin tsaransa suna langa ko suna tsere a bayan jakai, sai in daka masa tsawa in ce masu wannan shirme ba sa zama komai. Da ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ko jakarsa bai ajiye ba, buhun yashi yana jiransa a bakin zaure.

Uwarsa ta yi magana har ta gaji. Ta ce yaron yana kuka da bayansa in ya kwanta, ya rage cin tuwo, kuma mushen lakwal, wato malaminsu, ya aiko cewa barci yake a aji. Na ce mata ita ta san tukunya, ni na san fage. Tsohuwata ma ta kira ni ɗakinta, ta tuna mini cewa ni sai da gemu ya fara tsiro mini kafin wani ya ɗora mini kaya da sunan kokawa, kafin nan ba abin da nake sai kiwon awaki da hawan itace. Na ce mata zamani ya sake, yanzu wanda ya riga farawa shi ke gaba. Shi yaron bai taɓa musa mini ba. Yaro ne mai shiru, mai manyan idanu, kuma yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya yi, ko buhu ya sauke ko tsalle ya gama, sai ya ɗago ya dubi fuskata ya ga ko na ji daɗi. Na ɗauki wannan kallo zuciyar jarumi ce. Ban gane tsoro ne ba sai daga baya.

A lokacin Dattijo yana sayar da hatsi a kasuwar Filingue, da la'asar kuma yana tara yaran unguwa a wani fili mai laushin yashi, ƙarƙashin tsamiya, a bakin gari. Ba wanda ya sa shi. Duk ranar da na ratsa ta wurin da bisashena nakan rage tafiya in yi kallo ta gefen ido don in sami abin dariya, kuma ina samu. Yara suna alkafura, suna tafiya da hannu da ƙafa, suna langa, suna lilo a reshe, ga tuluna biyu na ruwa a inuwa, wanda ya ji ƙishi ya je ya sha abinsa. Abin da ya fi ba ni dariya, an ce yaro yakan yi shekara guda a wurinsa ana koya masa faɗuwa kawai kafin a nuna masa kaye ko ɗaya. Na riƙa yawo da maganar a majalisa, ina cewa mutumin ya buɗe lakwal ta faɗuwa, duk mai son ɗansa ya ƙware a shan ƙasa ya kai shi can.

Wata ranar kasuwa na zo da yaron yana ja mini tunkiya. Dattijo ya bar buhunansa ya biyo mu har turakun bisashe. Ya yi mini sallama, ya durƙusa gaban yaron ya tambaye shi sunansa, ya ce ya ɗan taka zuwa wancan turke ya dawo. Da yaron ya yi nisa, ya rage murya don kada a ji, ya kira ni ƙanensa, ya ce ya lura kafaɗar yaron ɗaya ta fi ɗaya sauka, kuma yana taka ƙasa kamar tsoho. Ya ce ƙashin yaro ɗanye ne, bai gama haɗuwa ba, nauyin jikinsa ya ishe shi kaya har sai ya tasa. Ya roƙe ni in riƙa kawo masa shi ko sau biyu a mako ya yi wasa da sauran. Bai ambaci kayen da ya yi mini ba, ko da habaici. Ni na ambata. Na ɗaga murya yadda dillalai za su ji, na ce sa'a ya taka a kaina ran nan, yanzu kuma ya hango abin da ke tafe shi ya sa yake so ya lalata mini yaro. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce Allah ya tsare, ya koma wurin hatsinsa.

Abin ya faru da kaka, yaron yana cikin shekararsa ta bakwai. Hatsi ya yi kyau a gonata, na kira gayya don a kwashe dammuna zuwa rumbu. A wurinmu akan ɗaura wa ƙananan yara ɗan daminsu na zangarniya kaɗan, don su ji da su ake aikin. Samari suna ta ba'a, wani ya tambaye ni ina jarumin da nake cika musu kunne da shi. Kafin ya rufe baki na ture ƙaramin damin da uwarsa ta ɗaura masa, na kama cikakken dami na babban mutum, ni da wani muka ɗaga muka aza masa a ka. Na ga wuyansa ya nutse, na ga ƙafafunsa sun buɗe, na kuma ga ya dube ni daga ƙarƙashin zangarniya. Na ce ya tafi. Ya yi taku kamar ashirin, mutane suna ihu suna tafi, ni ina gaba ina buga ƙirji. Sai ƙafarsa ta ci karo da kututturen kara. Damin ya ja shi gaba, ya miƙa hannun dama a sandare don ya tare ƙasa, tun da ba wanda ya taɓa nuna masa wata hanya, nauyin duka ya sauka a kan hannun. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Da na isa gare shi bai yi kuka ba, kuma abin da ya fara tambayata shi ne ko damin ya warware.

Gwiwar hannun ta juye, nan da nan ta kumbura. Uwarsa ta ce a kai shi gidan likita a Filingue. Na ƙi, kuma ba don komai ba sai kunya, don na san in na shiga gari da shi labari zai kai rumfar Dattijo kafin in sauke shi. Na kai shi wurin wani maɗori a ƙauyen da ke kusa da mu, wanda ya taɓa gyara mini targaɗe. Ba na ɗora wa mutumin laifi, iyakar saninsa ya yi, ni ne ma na ce ya ɗaure da kyau, ɗan ɗan kokawa ne. Ya ja hannun, ya jera karare, ya naɗe tam. Muka dawo gida bayan la'asar. Yaron ya daina magana sai nishi, yatsunsa suka kumbura har suna sheƙi. Uwarsa ta ce sun yi sanyi, na ce haka ɗori yake, zafin alamar ƙashi yana kamawa ne.

Washegari da sassafe na ji sallama, na fito na tarar da Dattijo a kan babur na aro. Labarin da nake ɓoyewa ya riga ya kai masa ta bakin 'yan gayya. Na tare bakin zaure na ce lafiya lau, an riga an ɗora. Ya ce ya ji, yaron kawai ya zo dubawa. Tsohuwata ce ta leƙo ta ce ya shigo, gidan na ɗanta ne amma wanda ke kwance jikanta ne. Ya durƙusa, ya taɓa yatsun, ya danna farce ya ga jinin bai dawo da wuri ba. Ya ɗan miƙar da yatsa ɗaya, sai yaron da bai yi kuka a gona ba ya ƙwalla ƙara. Dattijo ya juyo, karo na farko da na ga fuskarsa babu annuri. Ya ce ɗaurin ya hana jini zuwa hannun, in aka bar shi haka zuwa yamma, a manta da maganar kokawa, da wuya yaron ya sake yin loma da wannan hannu. Ya ce in ina da sauran zagi in yi masa a hanya. Ya sassauta tsumman a hankali, ya bar kararen suna tallafe da hannun. Aka ɗora masa yaron a babur, ni kuma na je na nemo wanda zai goya ni a babur in bi su.

A gidan likita na Filingue majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya duba, ya yi abin da zai iya, ya ce karayar a daidai gwiwar hannu take, aikin manyan likitoci ne, mu wuce Yamai yau ɗin nan. Dattijo ya aika a rufe masa rumfa, ya shiga mota tare da mu. Duk wanda ya san motocin tasha ya san matsin da ke ciki. Ya ɗora yaron a cinyarsa, ya shimfiɗa karyayyen hannun a kan nasa hannun, haka ya riƙe shi daga Filingue har Yamai. In mota za ta yi tsalle sai ya bi motsin da jikinsa don kada ya kai ga yaron. Mun tsaya a Bonkoukou, mun tsaya a Baleyara ana ta lodin kaya, na ce ya kawo in karɓe shi, ya ce a'a, canjin hannu zai motsa ƙashin. Gumi yana zuba daga goshinsa, amma bai daina ba yaron labarin wani jakinsa mai taurin kai ba, har na ji ɗana ya yi 'yar dariya, abin da na manta rabon da in ji. Bayan mun bar Baleyara, da yaron ya fara gyangyaɗi, ya gaya mini a hankali cewa kafaɗar nan da yake tallafe da ita ba ta ɗaguwa sosai tun yana yaro. Mahaifinsa ya sa shi jan guga a rijiya mai zurfi tun yana shekara takwas, wai don ya yi ƙarfi. Ya ce duk kokawar da ya yi, da kafaɗa ɗaya da rabi ya yi ta. Ni kuwa na zauna ina tunanin ashe mai kafaɗa ɗaya da rabi ne ya kayar da ni.

A Yamai aka ɗauki hoton ƙashin, aka shiga da yaron, aka gyara, aka riƙe wurin da ƙananan ƙarafa. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta nuna mini hoton, ta ce a ƙarshen ƙasusuwan yaro akwai wuri mai laushi inda ƙashin yake ƙara tsawo, kuma karayar ta zo kusa da wurin. Ta ce wanda ya sassauta ɗaurin nan shi ya ceci hannun. Sannan ta tambaye ni yadda aka yi yaro ɗan shekara bakwai ya faɗi da irin wannan ƙarfi. Da zan iya yin ƙarya, don Dattijo ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, na san ba zai tona ni ba. Na faɗi gaskiya. Sai ta ce tsakanin damin da yaron wanne ya fi nauyi. Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Kwana uku Dattijo ya yi tare da mu, sai da ya ga yatsun sun yi ɗumi suna motsi sannan ya koma.

Bayan makonni aka cire ɗaurin likita da ƙarafan. Hannun ya fito siriri, a lanƙwashe, ya ƙi miƙewa. An nuna mana motsin da zai riƙa yi a hankali. Nan na ga ɓarnar da hoto bai nuna ba. Da na matso zan kama hannun sai yaron ya sandare, hawaye na zuba, yana ce mini zai iya, in ƙara masa zai iya. Ba ya yarda ya taka yashin gona. In ƙwarya ta faɗi a tsakar gida sai ya zabura ya dube ni. Uwarsa ta ce mini, ba da faɗa ba, wannan aiki ba nawa ba ne, na san wanda zan kai wa. Na zazzage buhun yashin a bayan gida, na ɗora yaron a amalanke muka tafi Filingue. A gaban masu awon hatsi na nemi gafarar Dattijo, tun da a gaban mutane na zage shi. Ya ce in bar wannan magana, tun ranar kasuwar nan yake ajiye wa yaron wuri.

Sau biyu a mako nake kai shi, in zauna a gindin tsamiya, kuma a nan na ga aikin da na yi shekaru ina wa dariya. A makon farko Dattijo ko hannun bai taɓa ba. Ya naɗa yaron sarkin ruwa, ya zaunar da shi kusa da tulu, ya ce duk mai ƙishi shi zai ɗebo masa da ƙaramar moɗa, kuma sarki da hannun dama yake bayarwa. Yaron yana ta miƙa moɗa cike da alfahari, bai san motsin da likita ta ce yake yi ba. Daga nan aka koma gina shanun laka, sannan jifa da ƙwallon goruba cikin da'irar da aka zana a yashi, kowane mako da'irar tana ƙara nisa kaɗan. Duk sanda muka dawo daga ganin likita sai ya tsare ni da tambaya, me aka yarda ya yi, me aka hana, kuma bai taɓa ƙetare abin da aka ce ba. Haka yake da sauran yaran. Ba ya farawa sai rana ta yi sanyi. Yakan tambayi kowa ko ya ci abinci, wanda bai ci ba ya zauna ya sha fura tukuna. In yaro ya ce wani wuri yana masa ciwo, ya gama na ranar ke nan, kuma duk wanda ya yi masa dariya shi ma ya gama. Yana sallamarsu tun suna roƙon a ƙara, wai don gobe su zo da gudu. Ban taɓa ganin ya ɗora wa yaro wani abu a ka ko a wuya ba. Amma na ga ɗan shekara tara ya haye igiya har reshe da hannu kawai, ya sauko yana hira, abin da ɗana da duk buhun yashinsa bai taɓa iyawa ba.

Sai da aka yi watanni, likita ta ba da izini, sannan ya fara koya wa ɗana faɗuwa. Daga tsugune aka fara, a wuri mafi laushi. A kafa haɓa a ƙirji, kada a miƙa hannu a sandare, a lanƙwasa baya, a mirgina ta kafaɗa a tashi. Abin da ya rage masa sani ke nan ranar gayya, kuma ni da na yi shekaru a fage ban taɓa tunanin abin koyarwa ne ba. A ranar ne kuma na ji yana gaya wa manyan yaran, waɗanda suka fara kaye, cewa kan wanda ka ɗaga amana ne a hannunka, in ka ga zai sauka da wuya ka sa tafinka a ƙeyarsa kafin ta kai ƙasa. Ya kwantar da wani yaro a hankali don ya nuna musu, hannunsa na hagu a ƙarƙashin kan. Na ga ƙaramin yatsan nan da ya karkace. Da yara suka tafi shan ruwa na matsa kusa na tambaye shi ko abin da nake zato ne. Ya yi dariya, ya ce kaina ya fi dutsen niƙa nauyi, yatsansa ne shaida. Ya ce ya ga yadda nake gangarowa, kuma babu takobin da ya kai wuyan mutum. Ya ƙara da cewa kada in gaya wa wanda ya ɗinka mini layun, kada in ɓata masa suna. Shekara goma sha biyar ina ƙin mutumin da ya ba da yatsansa da rabonsa don in tashi da ƙafata, shi kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar da ba zan manta ba ta zo bayan damina ta gaba. Ana langa, wani yaro da ya fi ɗana jiki ya bangaje shi, ya tafi ta ɓangaren dama, ɓangaren karayar. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ɗana ya kafa haɓa, ya naɗe hannun, ya mirgina, ya tashi da yashi a baki yana ƙyalƙyala dariya. Na tsaya ina jiran ya juyo ya dubi fuskata kamar yadda ya saba. Bai juyo ba. Ya kama ƙafarsa ya koma cikin wasa, ya manta ina wurin. Na zagaya bayan tsamiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da na sha kaye, kuma kukan farin ciki ne.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Ina ganin iyaye irina a ƙauyukanmu, masu son ɗansu ya zama namiji tun bai gama famfara ba, suna ɗora masa jarka da dami suna cewa horo ne. 'Yan uwana, ku tambayi kanku wa ake wa horon, yaron ko tsohon ciwon da ke zuciyarku. Ƙarfin yaro daga gudu da tsalle da hawa yake zuwa, da ƙoshi da ruwa da barci, kuma yana zuwa ne a lokacinsa. Kada ku ɗauki shirun yaro juriya, wani shirun tsoronku ne. In ya ce ciwo, ku yarda. In ya karye ku kai shi likita, kada kunyar mutane ta hana ku, in kuma kun ga yatsu sun kumbura sun yi sanyi a ƙarƙashin ɗori, kada ku jira. Idan Allah ya haɗa ku da mutum irin Dattijo, wanda ke koya wa yara yadda za su faɗi su tashi lafiya, ku riƙe shi hannu biyu. Har yau yana can gindin tsamiya da tulunansa, sai dai yanzu ni nake cika masa su in na zo gari.

Ɗana yanzu yana da shekara goma sha ɗaya. Yana gudu, yana hawan igiya, yana rubutu da hannun dama, ya ma fara kaye. Ko zai zama ɗan kokawa ban sani ba, na daina tambaya. Amma hannun bai koma daidai ba, akwai ɗan lanƙwasa da ya rage a gwiwar, wanda baƙo ba zai lura da shi ba. Ni ina lura. Kowace safiya in ya durƙusa ya miƙo mini hannu don gaisuwa, hannun yakan tsaya saura kaɗan ya iso gare ni, sai ni in sunkuya in cika sauran.